Ruwan Bunu da Ganyen Mambila a Teburin Mai Shayi

Masu shayin Jalingo suna da gatan da takwarorinsu na Kano da Sakkwato ba su da shi: a jiharsu ake noman ganyen. Gonar tana Kakara, kan tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna, tun shekarun 1970, kuma daga masana'antarta Highland Tea ke fitowa. Sanyi da hazo da yawan ruwan sama na wannan tudu, wanda tsayinsa ya haura mita 1,500, su itacen shayi yake so. Ana tsinko toho da ganye biyu na sama, a bari su yi yaushi, a murƙushe, iska ta rine su, sannan a busar. Daga nan mota ta gangaro da kaya ta Mayo Selbe da Serti da Bali.

To amma zaman ganye ɗan gida bai hana a yi masa shari'a ba. Bayan sallar asuba, ko da dare in zafin garin ya lafa, bencin mai shayi a Sabon Gari ko Mayo Gwoi kan zama majalisa. Direba mai sauri zai ce a haɗa masa mai kauri, madara da Milo da burodi da wainar ƙwai. Shi ba a neman ra'ayinsa, domin madara ta riga ta binne ganyen. Masu hukunci su ne 'yan ruwan bunu.

Launi suke fara dubawa, shi ya sa wasu ba sa yarda sai da kofin gilashi. Ja mai haske ake so. Wanda ya yi baƙi ƙirin ya daɗe a wuta ne. Sai ƙamshi, sai kurɓar farko, inda ake raba ɗaci da bauri. Ɗan baurin da ke kama harshe ya saki, alamar ganye mai rai ne. Ɗacin da ke zama a maƙogwaro kuwa, galibi laifin mai dafawa ne, ba na gona ba. Ganyen awo, wanda ake zubawa da cokali a tace da rariya, nan yake fin na ƙunshin takarda, don mai dafawa ne ke da iko da ƙarfinsa.

Gardamar ba ta ƙarewa. Wani ya ce Lipton ya fi saurin ba da launi, wani ya ce na Mambila ya fi ƙamshi, dattijo a gefe ya ce: "Malam, rage wutar nan tukuna." Masu son citta da kanumfari da na'ana'a suna da nasu ɓangaren, ko da yake kanumfari in ya yi yawa, kowane ganye ɗaya yake zama a baki.

Samarin da ke dafa shayin Buzaye a ƙaramar buta kan gawayi ba sa cikin wannan shari'a. Nasu koren ganye ne daga Sin, kuma kumfa suke dubawa.