Ruwa Ba Ya Tuƙa Mota, Ko Da An Nuna Maka a Waya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, da wuya mako ya wuce ba a turo mini bidiyon nan ta WhatsApp ba: saurayi ya tsiyaya ruwa a jarka, ya ja igiyar janareta, ƙwan lantarki ya kama, jama'a na ta kabbara. A ƙasa an rubuta wai ɗan ƙasa ya ƙirƙiro injin da ba ya shan mai, amma manya sun danne shi. Kwanan baya kuma, a teburin mai shayi a Kakuri, wani direban keke ya nuna mini wata kwalba mai wayoyi da aka ɗaura masa kusa da inji, wai tana mayar da ruwa gas, tana rage masa rabin mai. Kuɗin da ya biya sun isa cefanen mako guda. Na tambaye shi ko ya taɓa aunawa. Ya ce, "Malam, ai ana ji a jiki."

Ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da ke wucewa kullum ta hanyar Kachia yana hangen matatar man da aka buɗe a 1980 don ta tace ganga 100,000 a rana, amma yana sayen lita da tsadar da ba ta misaltuwa, dole zuciyarsa ta karkata ga duk wanda ya yi masa alkawarin sauƙi. Waɗanda nake jin haushi su ne masu ilimin da ke tura bidiyon gaba ba tare da sun tsaya sun yi tunani ba.

Ruwa haɗin abu biyu ne, haidurojin da oksijin. Haidurojin yana ci da wuta, wannan gaskiya ne, kuma a nan masu yaudara ke fakewa. Abin da ba sa faɗa shi ne, idan haidurojin ya ƙone, abin da ke saura shi ne ruwa. Wato ruwa tokar haidurojin ne. Wace uwargida ce ta taɓa kwashe toka daga murhu ta sake dafa tuwo da ita?

Za a ce ai ana raba ruwan da lantarki, a fitar da haidurojin ɗin. Ƙwarai ana yi, ɗalibin sakandare ma yana yi da batir. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kilo tara na ruwa ne ke ba da kilo ɗaya na haidurojin, kuma raba shi yana cin wutar da ta kai yunit 50 ko fiye, irin yunit ɗin da kake saye a mita. Idan ka ƙona wannan kilo ɗayan, abin da zai dawo maka bai kai yunit 40 ba, kuma injin mota yana zubar da kusan kashi biyu cikin uku na wannan a matsayin zafi. To, kwalbar direban nan daga ina take samun wuta? Daga batir. Wa ke cajin batir? Inji. Me inji ke sha? Fetur. Ya ƙara wa injinsa kaya ne, ya kuma biya ladan ɗaurawa.

Janaretan bidiyo fa? Wani akwai ƙaramin tanki a ɓoye, wani batir ne a cikin akwati. Wani kuma kabayid ne, irin wanda masu walda da masu gyaran jikin mota ke zuba wa ruwa ya ba su gas. Wannan gas yana ci, amma ƙarfin yana cikin kabayid ɗin, wanda sai da aka gasa shi a tanderun lantarki mai zafin digiri kusan 2,000, kuma sayensa ake yi.

Zancen cewa ana danne masu ƙirƙirar ma ba a nan ya fara ba. A Amurka an yi wani Stanley Meyer da ya yi ta tallar motar ruwa, har masu zuba jari suka kai shi ƙara, kotu a jihar Ohio ta yanke a 1996 cewa zamba ce. Sannan mu yi wa kanmu adalci: Japan kusan duk man da take sha sayowa take yi daga waje, ga teku ta kewaye ta. Da ruwa yana tuƙa mota, wa zai hana ta? Kamfaninta na Toyota ya fitar da mota mai haidurojin a 2014, sunanta Mirai. Haidurojin ake ɗura mata, ruwa kuma ta salansa yake fita.

Akwai masanan da aikinsu ke nan, masana fiziks da ba su da kayan aiki sai alƙalami da allo, masu lissafa abin da zai yiwu tun kafin a sayi ƙusa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Steven Koonin, wanda ya shafe kusan shekara talatin yana nazarin cibiyar ƙwayar zarra a jami'ar Caltech. A 2004 kamfanin mai na BP ya ɗauke shi babban masanin kimiyyarsa don ya duba makamashin da zai gaji fetur. Da hannunsa aka kafa wata cibiya a Berkeley a 2007, aka ware mata dala miliyan 500 don neman mai daga tsirrai, kafin Obama ya ba shi muƙami a ma'aikatar makamashi a 2009. Duk da wannan dukiya, a 2012 BP ya fasa gina masana'antar da ya shirya a Florida ta tatsar mai daga ciyawa.  Abin lura shi ne, kamfanin mai da kansa ne ya biya a nemo magajin fetur, kuma abin da ke da tushe a kimiyya ma sai da ya gagare su saboda tsada. Mu ma ga cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tafiyar sa'a guda. Mai injin ruwa me ya hana shi kai shi can a auna?

Abin da ke aiki a zahiri yau shi ne gas ɗin CNG da ake ɗura wa mota, kuma a nan ma ganganci ya shigo. CNG daban, gas ɗin girki daban. Matsin CNG a tukunya yana kai ma'auni 200, na gas ɗin girki bai kai 20 ba, tayar motarka kuwa biyu da 'yan kai ne. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin, aka gano tukunyar da ke cikinta haɗin walda ce. Don Allah, Alhaji mai mota da ɗan'uwa mai keke, kada ka bari bakanike ya ɗaura maka tukunyar girki ko wadda aka yi wa ɗinki, komai sanayya. Tukunyar kirki ba ta da tabon walda a jikinta, kuma za ka ga an buga mata lamba da ranar ƙira da matsin da take ɗauka. Je wurin da hukuma ta amince da shi, ka karɓi takarda, ka duba maɗaurin da ya riƙe ta, ka riƙa kai ta gwaji. Idan ana ɗura gas, kashe inji, fasinja kowa ya sauka. Ka kuma lissafa nisan gidan gas daga Sabon Tasha ko Barnawa da daɗewar layi kafin ka biya.

Mai kwalba kuwa, ko mai ƙwayar da ake jefawa a tanki, gwajinsu ba ya buƙatar digiri. Cika tanki, rubuta lambar kilomita, yi aikinka na mako guda a hanyar da ka saba, ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta shiga. Mako na biyu a cire kwalbar, a maimaita. Haka na gaya wa direban nan, na yago masa takarda daga littafina, mai shayi ya ara masa biro.