A Cire Kauci Ko A Sare Bishiya?

Ɗiyar yayata tana karatu a kwalejin kiwon lafiya da ke Tsafe. Wata Asabar ta shigo Gusau rungume da laftof ɗinta, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce, "Kawu, wagga kwamfuta ta haukace." Muka kunna. Chrome ya buɗe a kan wani shafin bincike da ba mu taɓa jin sunansa ba. Daga kusurwar dama ta ƙasa saƙonni suka riƙa ɓullowa: wannan ya ce ta ci kyautar waya, wancan ya ce bairos biyar sun kama ta, ta latsa nan a cece ta. Duk abin da ta rubuta tana nema, sai an zagaya da ita ta shafin caca. Har wasu hotuna suka faɗo waɗanda suka sa ta kawar da kai don kunya, ni ma na rasa inda zan sa idona.

Muka kai ta wurin wani mai gyara da ke kusa da kasuwar Tudun Wada. Bai yi minti biyu yana dubawa ba ya ce, "Alhaji, sai dai a yi mata fomat." A cikin kwamfutar akwai babi uku na aikinta na kammala karatu, da hotunan mahaifinta marigayi, kuma babu kwafin ko ɗaya a wani wuri. Na ce masa, "Injiniya, a ba mu zuwa gobe." Tun daga ranar nake auna hanyoyin nan biyu: a bi cutar a tsince ta ɗaya bayan ɗaya, ko a share komai a sake zuba Windows sabuwa.

Abin da ya kama kwamfutar yarinyar nan ya fi kama da kauci a jikin bishiya. Kauci ba ya son bishiya ta mutu, tunda da ita yake rayuwa. Haka waɗannan manhajoji: sukan kama wuri su zauna a cikin burauza, su canza shafin farko da injin bincike, su cusa talla a inda babu shi, saboda duk latsawar da aka yi kuɗi ne ke shiga aljihun mai su. Sana'a ce mai girma. A watan Yuni na 2017 kamfanin tsaro na Check Point ya ce wata mai suna Fireball, wadda ya danganta da kamfanin Rafotech na birnin Beijing, ta shiga kwamfutoci miliyan 250. Microsoft ya ce adadin bai kai haka ba ko kusa, amma ko da an rage, yawan ya isa abin tsoro. Mafi yawansu kuma da hannunmu muke buɗe masu ƙofa. Mutum ya sauko da manhajar kyauta, ya riƙa latsa Next bai karanta ba, ashe a shafi na uku ya amince a haɗa masa da ƙari. Shekara da shekaru haka Ask Toolbar ya riƙa bin Java yana shiga kwamfutocin mutane. A nan garin namu akwai ƙofa ta biyu da ta fi wannan faɗi, wato filas da ke yawo daga hannu zuwa hannu ɗauke da Office da CorelDraw da aka fasa wa makulli.

Tsincewa aiki ne na haƙuri, kuma a daren Asabar ɗin ya ci mini kusan awa uku. Na fara da jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar, na jera su bisa ranar shigowarsu. Wannan dabara ita ce rabin aikin, domin baƙi tare suke zuwa: a rana ɗaya da ta sauko da wata manhajar sauya takarda zuwa PDF, wasu uku da ba ta sani ba sun biyo ta. Na cire su. Na shiga Chrome na duba ƙananan manhajojin da ake liƙa masa, na tarar da biyu da ba ta san da zamansu ba. Sannan na zo kan saƙonnin nan na kusurwa, waɗanda suka fi tayar mata da hankali, sai ga shi su ne mafi sauƙi. Babu wata cuta a bayansu. Wasu shafukan sauko da fim ne suka ce ta latsa Allow don ta nuna ita mutum ce, ta latsa, da haka ta ba su izinin turo mata saƙo duk lokacin da suka ga dama. Janye izinin bai kai minti biyu ba. Ina tunanin kwamfutoci nawa aka share a garin nan a kan wannan kaɗai, sai raina ya ɓaci.

Bayan haka na mayar da saitin burauzar yadda yake tun asali, na duba alamar Chrome da ke fuskar kwamfuta, domin wasu kan liƙa adireshinsu a bayanta ta yadda kullum aka latsa wurinsu za a fara sauka. Daga ƙarshe na sa AdwCleaner, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da aka ƙirƙira a Faransa musamman don irin wannan aiki, wadda Malwarebytes ya saya a 2016. Nauyinta bai kai na gajeren bidiyon WhatsApp ba, saboda haka ba ta cin data. Ta tono wani abu da idona bai gani ba: umarni da aka ɓoye a jadawalin ayyukan da Windows ke yi da kanta, wanda aikinsa shi ne ya dawo da baƙon duk safiya.

Wannan umarni da na kusa tsallakewa shi ne raunin tsincewa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mai tsincewa abin da ya gani kawai yake cirewa. Manomin Bungudu ya san haka game da ƙuduji: ka tuge wanda ya fito, irinsa na kwance a ƙasa yana jiran damina. A watan Fabrairu na 2015 aka gano cewa Lenovo ya sayar da laftof ɗauke da manhajar talla mai suna Superfish tun daga masana'anta, kuma wanda ya cire manhajar kaɗai bai tsira ba, domin takan bar wata takardar shaida ta bogi da za a iya amfani da ita a leƙa ko shafin banki. A watan Disamba na 2020 kuma Microsoft ya ba da labarin wata manhajar talla mai suna Adrozek, wadda a ganiyarta, cikin Agusta na wannan shekara, ake ganinta a kan na'urori fiye da 30,000 kowace rana. Ita wannan har cikin jikin burauzar take shiga ta sauya shi, a Firefox ma takan kwashe kalmomin sirri da aka ajiye. Idan irinta ce ta shigo, mutum zai iya kwana yana tsinta, gari ya waye bai da tabbacin ya gama.

Tabbaci shi ne abin da fomat ke sayarwa, kuma ina ganin hujjar mai gyara. Yana da kwamfutoci shida a kan tebur, wuta ba ta da tabbas, man janareta na ƙonewa. Awa ukun da na ɓata a kan guda ɗaya, shi a cikinsu zai wanke uku, kuma ba wanda zai dawo jibi ya ce masa tallan ya dawo. Akwai ma wuraren da ni kaina ba zan ba da shawarar tsincewa ba. Kwamfutar shagon buga takardu, wadda a lokacin rajistar JAMB ko lokacin da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke buga ayyukansu filas talatin ke shiga cikinta a wuni, ba ta da amfanin tsinta. Mutane na shiga imel ɗinsu a kanta, suna rubuta lambar NIN, wani har da lambar kati. Irin wannan a ajiye tsaftataccen kwafinta, a riƙa mayar da ita sabuwa lokaci-lokaci. Haka nan duk kwamfutar da aka ga an kashe mata Defender, maigadin da ke cikin Windows, ba da sanin mai ita ba, ko aka fara shiga Facebook ɗin mai ita daga wata ƙasa, ta wuce maganar talla. Ɓarawo ya riga ya shiga ɗaki.

Amma a duba abin da fomat ke ci. Na farko, kayan mutane. Mai gyara nagari yakan kwashe fayiloli kafin ya share, sai dai sau da yawa abin da ke fuskar kwamfuta da babban kundin takardu kawai ake kwashewa, sauran su tafi. Mu kuwa ba mutanen ajiya a intanet ba ne, kuma muna da dalili. Duk wanda ya zauna a jihar nan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, ya san cewa abin da ke cikin na'urarka shi ne naka. Ga wanda yake haka, share kwamfuta daidai yake da ƙona akwatin takardu.

Na biyu shi ne ya fi damuna, domin ba kasafai ake maganarsa ba. Da me za a sake cika kwamfutar? Windows ta asali ana iya sauko da ita daga shafin Microsoft, amma ta haura gigabait 4, saboda haka galibi daga filas ɗin shago ake zubawa, wanda shi ma daga wani aka kwafo. Sai a bi ta da manhajar fasa makulli irin KMSpico, kuma don ta yi aiki sai an kashe Defender tukuna, wani lokaci a manta ba a kunna ba. Kwafe-kwafen wannan manhaja da ke yawo a intanet sun yi ƙaurin suna wajen ɗauko talla da ɓarayin kalmar sirri, kuma ta hanyar manhajoji da wasannin da aka fasa ne wata manhajar talla mai suna ChromeLoader ta bazu a 2022. Ka ga ke nan mutum ya biya kuɗi, ya rasa rabin kayansa, an mayar masa da kwamfuta mai sauri da fuska fes, alhali maigadinta a kashe yake kuma sabon baƙo na ciki. An gudu ba a tsira ba.

Akwai kuma abin da fomat ba ya iya kaiwa gare shi ko an yi shi da kyau. Idan Chrome na haɗe da asusun Google, da zarar mai kwamfuta ya sake shiga asusunsa, ƙananan manhajojin da ya liƙa a baya za su iya dawowa, har da mugun. Kalmar sirrin da aka riga aka sace ba ta dawowa don an share faifai. Sai an canza ta, kuma daga wata na'ura mai tsafta. A wayoyi ma an ga misali: a 2020 aka ba da rahoton dubban wayoyin Tecno W2 a ƙasashen Afirka da suka zo da miyagun manhajoji masu suna Triada da xHelper a cikinsu, kuma mayar da waya yadda ta fito daga kamfani ba ya raba ta da xHelper.

Tsakanin biyun akwai wata hanya da mutane da yawa ba su san da ita ba. Windows 10 da 11 suna iya sabunta kansu su bar wa mutum fayilolinsa, manhajojin da aka zuba kawai za su tafi. Ba a buƙatar filas ɗin kowa. Sai dai masu Windows 10 su san cewa Microsoft ya daina yi mata sabuntawar tsaro ta yau da kullum daga 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin tsofaffin HP da Dell na hannu da muke saye ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wanda aka wanke wa kwamfuta aka zuba masa Windows 7, wadda aka bari tun Janairu na 2020, wannan an cuce shi ne kawai.

Idan aka tambaye ni, ga kwamfutar mutum ɗaya wadda talla da sauya shafi ne kawai matsalarta, tsincewa nake zaɓa, kuma ina ganin hakki ne a kan mai gyara ya gwada ta kafin ya ambaci fomat, ko da zai ƙara kuɗin aikinsa. Na fi son in biya shi ladan awa biyu da ya zauna ya duba, a kan in biya shi ladan sharewa. Idan an tsince, an sake kunna kwamfutar sau biyu ko uku, an bar ta kwana biyu, baƙon ya dawo, to a nan fomat ya halatta, da sharaɗin a kwashe komai tukuna, kuma mai kwamfuta ya tambayi inda Windows ɗin ta fito ba tare da jin nauyi ba.

Cutar kwamfutar ɗiyar yayata ba ta dawo ba. Ran Lahadi da safe na sa ta canza kalmar sirrin imel ɗinta daga waya, na saya mata filas sabo muka kwafe babi ukun da hotunan, na ce kada ta yarda ya shiga kwamfutar kowane shago. Da zan raka ta tashar motar Tsafe muka biya ta wurin mai gyaran, na nuna masa umarnin nan da AdwCleaner ta tono. Ya duba ya jinjina kai, ya ce, "Alhaji, tura mani ita." Na ce ya sauko da ita da kansa daga shafin Malwarebytes, domin ita ma akwai jabunta da ke yawo.