Wahalar Gona da Zaman Ofis: Wa Ke Motsa Jiki a Zango?

A Zango ta ƙasar Daura, idan damina ta kankama, manomi kan fita tun asuba da fartanya, ya yi ta noman gero da wake a duƙe har rana ta take. A lokacin, ma'aikacin ƙaramar hukuma yana kan kujera. A babur ya zo, a babur zai koma. Ɗan acaɓa ma, duk da ranar da yake sha, a zaune yake wuni. Sana'ar mutum ce ke tsara masa yawan motsin jikinsa.

A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya gano cewa kwandastocin bas masu bene na Landan, da ke wuni suna hawa da sauka, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobinsu. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako.

Sai dai kada a ce talaka ya tsira. Wani bincike da aka fitar a Danmak a 2021, kan mutum sama da 100,000, ya nuna atisayen lokacin hutu na rage haɗarin ciwon zuciya, aikin ƙarfi na sana'a kuwa yana tafiya da ƙarin haɗari. Mai atisaye yana yi na ɗan lokaci, zuciya ta buga sosai, sannan ya huta. Ɗan dako a kasuwar Mai'adua, ko matar da ke surfe da daka da jan ruwa, awanni suke yi jini na sama, gaɓoɓi na cin wuya, gobe a sake. Ƙasar Daura ba Danmak ba ce, amma ciwon bayan manomanmu shaida ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka mai da tumbi alamar arziki. Alhaji ya taka zuwa masallacin Juma'a, sai a tare shi: "Ranka ya daɗe, ina motar?" Da wannan kunya hawan jini da ciwon suga ke samun wurin zama.

Malaman asibiti, ku fara tambayar majiyyaci sana'arsa kafin ku ce ya motsa jiki. Mai zama a ce ya riƙa takawa, mai aikin ƙarfi a nema masa hutu da ruwa, kuma dukansu a auna masu jini.