Yawon Yini Ɗaya a Salaga: Rijiyoyi, Tsuntsaye da Furannin Daji

 A ɗan littafinmu na bana mun ga ya dace mu bayyana muku yadda ake zaga Salaga da ƙafa cikin yini ɗaya, da abin da ya kamata mutum ya lura da shi a hanya. Da yawanmu muna wuce waɗannan wurare kullum, wasu ma a kan keke, amma in baƙo ya tsayar da mu ya ce "wannan ramin fa, wa ya haƙa shi?" sai mu yi shiru. To, wannan shirun ne muke so mu rage.

Lokacin da ya fi daɗin wannan yawo shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, domin ciyawa ta bushe, hanya ta fito, kuma safiya da sanyi. A sha koko da ƙosai tun da wuri, a ɗauki ruwa, da takalmi mai rufe ƙafa, da littafi da biro. Kada yara su tafi su kaɗai, sai da malam ko wani babba ɗan gari.

A fara daga tsohuwar kasuwa a tsakiyar gari. Abin mamaki na farko shi ne, goron da ya ɗaukaka sunan Salaga ba a Salaga yake fita ba. Itacen goro na kurmin Asante ne, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Su ne ke kawo shi arewa, fatake kuma su zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno su saya. Salaga ta zauna a ƙasar ciyawa, arewa da kurmi, shi ya sa ta zama mahaɗa. Ayari yakan taso ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, a yi watanni ana tafiya. Babbar hanya ta bi ta Yendi da Sansanne Mango da Jugu da Nikki kafin a ƙetare Kwara. Wasu kuma sukan gangaro daga ƙasar Mosi ta wajajen Bawku da Gambaga da dabbobi. Duk inda ayari ya sauka ya kwana, sunan wurin zango. Kun ga ke nan unguwannin da muke zaune a cikinsu daga wannan fatauci suka samo suna. A ƙasar Hausa kuwa, in an ce mutum ya tafi Gwanja, an san goro ya tafi nema.

Amma fa ba goro kaɗai aka sayar a nan ba. An sayar da mutane. Maza da mata da yara da aka kamo daga ƙauyukan arewa, a nan ake tsayar da su a yi cinikinsu da wuri, wasu a wuce da su Kumasi da bakin teku, wasu a bar su suna noma da ɗiban ruwa. Cikin masu kamun akwai Babatu, shugaban mayaƙan Zabarmawa, wanda kabarinsa ke Yendi. Gaskiya ce mai ɗaci cewa cikin masu saye da sayarwa akwai masu jin yarenmu, cikin waɗanda aka sayar kuma akwai kakannin wasu da muke zama tabarma ɗaya da su a makaranta. Saboda haka idan an zo nan ba a wasa, ba a ihu. Kuma wanda ya tsaya a wurin ya gani da idonsa, bai kamata bakinsa ya sake zagin wani da kalmar bawa ba.

Daga kasuwa sai a nufi rijiyoyi. Salaga ba ta kan babban kogi, ga shi kuma a lokacin ciniki garin yakan cika maƙil da baƙi da dabbobinsu. Dole aka riƙa fasa marmara ana haƙa rijiyoyi masu yawa kusa da juna, har garin ya yi suna da su. Wuri ɗaya sunansa Wankan Bayi, domin a can ake yi wa bayi wanka, a shafa musu man kaɗe don su yi kyan gani kafin a kai su kasuwa. Wani wurin kuma Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu. Ku duba, sunayen duka da Hausa suke. Wasu rijiyoyin an gyara su, wasu kuwa ƙasa da shara sun cike su, wasu ciyawa ta rufe bakinsu. Don haka a bi sawun jagora, kada a yi tsalle-tsalle.

Me ya karya wannan babbar kasuwa? A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, Salaga ta fita daga hannun Asante, su kuma suka toshe hanyar goro, ciniki ya fara komawa Kintampo da wasu garuruwa. Sai kuma yaƙin basasa na 1892 tsakanin gidajen sarautar Kpembe ya watsa garin. Cikin waɗanda suka tashi akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawallafin waƙoƙi da Larabci da Hausa. Ya koma Kete-Karachi, ya karantar a can har ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya zauna a ciki yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta, wanda ya taru bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Wanda ya je Makango ya hau jirgin ruwa zuwa Yeji, a kan wannan tafkin yake, kuma tsibiran da ke cikinsa dā kawunan tuddai ne.

Kafin rana ta yi zafi sai a kama hanyar Kpembe, mazaunin Kpembewura, wadda ba ta da nisa. Nan ne karatun daji ke farawa. Kaɗanya da ɗorawa ne manoma ba sa sarewa ko sun share gona, domin ɗaya na ba da man kaɗe, ɗaya na ba da kalwar da ake daddawa. A hunturu gurjiya takan zubar da ganyenta kaf, sannan ta fitar da jajayen furanni a kan rassa tsirara. Madobiya ma haka take yi, sai dai nata furen rawaya ne. Madobiyar nan ita ce katakon da aka yi ta lodawa a manyan motoci ana fitarwa zuwa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ke sa ido a kan cinikinsu. Idan kun ga babba a tsaye, ku rubuta inda take.

A dubi ƙasa kuma. Inda wuta ta ci daji, rawaya takan fito da fure babba daf da ƙasa, ba ganye ko ɗaya. Saiwarta ce ke ɓoye abinci da ruwa, shi ya sa wuta ba ta kashe ta, kuma da saiwar ake rini. Wanda ya dawo da damina zai tarar da wasu: bado a kan kududdufi, albasar kwaɗi mai farin fure a fadama, da baurairai mai ja da rawaya kamar harshen wuta. Baurairai guba ne, a kalla kawai. Akwai kuma ƙuduji, mai kyan fure a gonar dawa, alhali saiwarsa na manne da saiwar dawa yana tsotse ta.

Tsuntsaye kuwa sai an yi shiru. Balbela na bin shanu don farin da suke tayarwa. Shirwa takan taru inda ake ƙona daji, tana cafke abin da ya gudo daga wuta. Za a ji cilakowa da kurciya, makwarwa kuma ta tashi fir daga ciyawa. Kurege da damo da gyazbi duk suna nan, haka ma kasa da kububuwa, don haka ba a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Amma ku ƙirga angulu nawa kuka gani. Tsuntsun da har rafi ya ci sunansa, tun 2015 yana cikin jerin waɗanda ke daf da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu farautar sassan jikinsa. Muna ƙyamarsa, alhali shi ne ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta.

In an isa Kpembe, a gaida manya da ladabi. Baƙo yakan riƙe goro idan zai gaida sarki, kuma ba a ɗaukar hoto sai an nemi izini. Bayan azahar a huta a inuwa, a juyo da la'asar.

Roƙonmu uku ne. Kada a jefa leda ko shara a rijiya. Kada a cinna wa daji wuta don neman ɓera ko gyazbi. Sannan kowane aji ya zauna da wani dattijo ko wata tsohuwa a unguwa, ya rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da Hausa da Gwanja da Dagbani da Kusaal, ya kawo mana. 'Yan'uwanmu na Yendi da Bawku su ma su yi irin wannan yawo a garinsu, mu buga abin da suka samo a littafin baɗi in Allah ya kai mu.