Ƙarin Kitse A Cikin Baki

Jama'a, yau maganarmu a kan wani ƙari ne da kan fito a cikin baki, wanda likitoci ke kira lifoma. Kitse ne ya taru wuri guda, irin wanda kuka saba gani a ƙeyar wani ko kafaɗarsa. A baki kam ba safai yakan fito ba, kuma ya fi samun wanda ya ba shekara 40 baya.

Ya fi son cikin kumatu, amma akan same shi a harshe, ko ƙarƙashinsa, ko a leɓe. Yana da taushi, ba ya zafi, launinsa rawaya-rawaya. Girmansa a hankali ne, sai ya shekara bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, kuma bai cika wuce girman goro ba. Ba ciwon daji ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa wurin cin abinci tare.

To, amma fa kada ku yanke wa kanku hukunci. Akwai kumburin da yawu ke kawowa in ya taru ƙarƙashin fata, akwai na ruɓaɓɓen haƙori, akwai kuma mugun ƙari, da fari duk sukan yi kama.

In kun zo, malamin asibiti zai tambaye ku yaushe abin ya soma. Zai haska bakin, ya latsa ƙarin ya ji ko yana motsi, ya taɓa wuya ko akwai kaluluwa. Daga nan sai ya tura ku babban asibiti. Can, in ƙarin ya yi zurfi a ɗauki hotonsa tukuna. Sa'an nan a yi allurar kashe zafi, a cire shi, a sa cikin kwalbar magani. Kitse yakan taso sama, wannan alama ce, amma tabbaci sai an yanki ɗan siriri an duba da madubin likita. In an cire shi duka, da wuya ya komo.

Kada ku kai wa wanzami ya yi sakiya. Babu mugunya a ciki, jini kawai za a zubar, ƙazanta ta shiga.

Ƙari mai tauri kuwa, ko mai saurin girma, ko miki a baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko sa ta a baki, wannan kada a jira ranar kasuwa, a zo gobe da safe.