Asma a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Asma, wadda Hausawa ke kira fuka, cuta ce da ke kumbura hanyoyin iska na huhu har su tsuke, ta haddasa tari da nauyin ƙirji da numfashi mai fito, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke fama da ita a 2019. Abin da ke tayar da ita ya bambanta daga mutum zuwa mutum, yankin Kura da Bunkure kuwa, wanda madatsar Tiga ke shayarwa tun shekarun 1970, ya tara da dama daga cikin musabbaban: ƙaiƙayin shinkafa a wajen casa da injinan gyara, hayaƙin itace da mata ke shaƙa wajen turara shinkafa, feshin maganin ƙwari, sannan ƙurar hunturu.

Don haka kafin likita ya rubuta magani, wajibi ne ya binciki sana'ar majinyaci da lokacin da ciwon ke motsa masa, domin wanda ke tashi da tari cikin dare yana buƙatar maganin shaƙa na rigakafi, mai kwantar da kumburi, alhali salbutamol buɗe hanyar iska kawai yake yi na ɗan lokaci. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin jinyar asma a duniya, ta daina shawartar manya da su dogara da shi kaɗai. Manomin da inhelarsa ta salbutamol ke saurin ƙarewa ya garzaya asibiti a sake duba tsarin maganinsa.