Kududdufi da Wankan Bazara a Birnin Kano

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a cikin birnin Kano kafin siminti ya game gari, da wuya a ce bai taɓa shan bulala a kan kududdufi ba. Ni dai na sha, ba sau ɗaya ba. Yawancin yaran da muke koyarwa a yau kuwa ba su ma san daga ina waɗannan ramuka suka samo asali ba.

Kududdufi hannun mutum ne ya haƙa shi. Ginin Bahaushe na ƙasa ne, kuma magini ba ya zuwa nesa neman ta. A bayan unguwa ake haƙa, a kwaɓa, a yi tubali, a shanya, bayan kowace damina kuma a koma a ɗebo ta yaɓe. Haka ramin ke ƙara faɗi da zurfi, damina tana cika shi. Ita kanta ganuwa, wadda tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, da ƙasar gefenta aka tayar da ita, shi ya sa ake samun manyan ramuka a bin badala. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ambaci ruwan Jakara a bayanin da ya yi na birnin.

Da damina kowane rami cike yake, amma ba a lokacin ruwa ya fi shiga ranmu ba. Sai bazara, wato daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai maki 40, rairayi ya hana tafin ƙafa taka ƙasa, ruwan randa ma ya yi ɗumi. A gidanmu wurin 'yan garuwa ake sayen ruwa, don haka ba yaron da zai sami bokiti guda ya sheƙa a jikinsa don marmari. A lokacin ƙananan kududdufai sun ƙafe, sun bar laka tana tsattsagewa, gaiwa ta shige ƙarƙashinta tana jiran ruwa. Manyan ne kaɗai ke riƙe da ruwa, shi ma ya yi kore da gansakuka, kainuwa ta rufe gefensa. Mu a wurinmu ya fi zuma.

Ranar Alhamis ce babbar rana, domin babu makarantar allo. Almajirai su zo da wankinsu, mu kuma mu tuɓe riguna mu ɓoye a gindin bishiya. Babu mai koya wa wani iyo da baki. Ƙaramin yaro yakan rungume gora ko jallo yana bugun ruwa da ƙafa a gefe, har ranar da wani babba zai fizge gorar. Ka sha ruwa sau biyu, sau uku, daga nan ka iya. Sai gasar nutso, a ga wanda zai fi daɗewa a ƙasa, da wasan kada, inda mutum ɗaya zai nutse ya riƙa kamo ƙafafun sauran. Matsattsaku idan ya kama ka, ka fito a zuba masa toka.

Komawa gida ita ce matsala. Ido ya yi jajur, fata ta yi furu-furu.

"Kai, daga ina kake?"

"Daga gidan su Gwaggo nake, Inna."

"Miƙo hannunka."

Sai ta karta damtsena da farce. In farin layi ya fito, shari'a ta ƙare.

A da ina ganin tsanani ne kawai irin na iyaye. Manya sukan ce kududdufi kaza yana da 'yan ruwa, kuma duk shekara sai ya ci mutum. Abin da ke faruwa shi ne, haƙar ƙasa aikin rani ne. Duk inda ruwa ya janye, magina su bi shi su haƙa, don haka ƙasan kududdufi rami ne cikin rami, kuma yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. A farin 1973 ruwan namu ya janye har tsakiya, aka haƙi ƙasa a inda ba a taɓa haƙa ba. Daminar 1974 ta rufe wurin. Bazarar da ta biyo baya, wani abokin karatunmu da bai gama iya iyo ba yana takawa a wurin da duk muka san ruwa iya ƙirji ne, sai muka ga babu shi. Muka watse da gudu, kowa yana tsoron duka, ba wanda ya yi ihu. Sai bayan la'asar masunta suka fito da shi. Har yau wannan gudun yana damuna.

Akwai kuma tsargiya. Kusan dukkanmu mun yi fitsarin jini, har wasu na ɗaukarsa alamar balaga. Cuta ce: mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ƙwayar ta shiga katantanwa ta girma, ta fito ta huda fatar mai wanka. Yanzu akan raba maganinta a makarantu, kuma ya kamata malami ya riƙa tambayar ɗalibansa. Kurkunu, wanda shan ruwan irin waɗannan wurare ke kawowa, an tabbatar da ƙarewarsa a Nijeriya a 2013.

Da bulo da siminti suka karɓi gini, sai aka daina haƙar ƙasa, kududdufi ya koma juji, daga baya aka cike da yawa aka yanka filaye. Ba na cikin masu cewa a bar yara su koma ciki. Sai dai waɗannan ramuka su ne ke shanye ruwan saman unguwa, kuma da aka cike su ba a tanadar masa wata mafaka ba. Namu yanzu jerin shaguna ne. Duk watan Agusta masu shagunan kan ɗora kayansu a kan benci, domin ruwan yana zuwa inda ya saba.